Fitilar hagu ta Mazda MX-5 ta ƙi ɗagowa, ina neman shawara kafin a taɓa wayoyin

Abu Hafsat, Kaduna

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar tsofaffin motoci. Ina da Mazda MX-5 ƙirar 1992, irin ta farko mai injin lita 1.6 wadda a Amurka ake kira Miata, wadda fitilunta na gaba suke kwance a cikin hancin motar, sai an kunna su sannan su ɗago. Shekara biyu ke nan tana hannuna, kuma fitilun ba su taɓa ba ni matsala ba sai kimanin mako uku da suka wuce, bayan na kai ta wajen wanki aka fesa wa injin ruwa da tiyo mai ƙarfi.

Ga yadda abin yake. Idan na kunna fitila, ta dama tana ɗagowa nan take kamar kullum, amma ta hagu takan yi zamanta, kodayake ƙwan da ke cikinta yana kamawa, domin ina ganin hasken yana zubowa ƙasa ta ƙarƙashin murfin. Wani lokaci nakan ji ɗan ƙara ƙas daga wajenta, sai ta ɗago kamar faɗin yatsa biyu ta tsaya. Sau biyu kuma ta ɗago gaba ɗaya ba tare da na yi komai ba, wanda shi ne ya fi rikita ni. Mai wayarin na unguwarmu ya ce ya yanke wayoyin ya ja sabuwa kai tsaye daga batir, wani kuma ya ce moton lantarkin da ke ɗaga fitilar ne ya ƙone, in aika kasuwar kayan mota ta Ladipo da ke Legas a nemo mini wani. Ban yarda an taɓa komai ba tukuna, domin ina son in ji daga waɗanda suka san irin wannan fitila.

Ɗan Katsina

Wa alaikumus salam, Abu Hafsat. Shawarata ita ce kada ka wahalar da kanka. Ka sa a ɗaga fitilun duka biyu, a ɗaure su a sama, a cire wutar moton, ka ci gaba da hawan motarka. Mota ce da ta haura shekara 30, kayanta ba sa samuwa a Panteka balle a ƙananan kasuwanni, kuma duk abin da ka gyara yau wani zai biyo bayansa gobe. Abin da ya fi damuna shi ne tafiyar dare, domin mai tahowa daga gaba idan ya hangi fitila ɗaya zai ɗauka babur ne, ya matso cikin hannunka.

Malam Mai Wayarin, Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Abu Hafsat, ka yi daidai da ka hana a sa almakashi a wayoyin nan, kuma ina roƙonka ka tsaya a kan haka. Na daɗe a wannan sana'a, kuma yawancin motocin da ake kawo mini da wutar da ta gagara, asalin cutarsu ƙarama ce, yanke-yanken da aka yi daga baya ne ya mayar da ita babba.

Bayaninka ya riga ya rage mana rabin aiki. A wannan mota kowace fitila tana da motonta, amma makunnin da ke jikin sitiyari da maɓallin da ke tsakiyar dashbod kusa da na fitilar haɗari da fiyus ɗin da ke ba moton kowace fitila wuta, duk na tarayya ne. Tunda ta dama tana aiki ba tare da gardama ba, to waɗannan duka lafiyarsu lau, kuma babu dalilin kwance sitiyari ko sayen makunni. Ciwon yana tsakanin inda wayar hagu ta rabu da 'yar'uwarta zuwa cikin moton hagu, wato soket, ko wayar ƙasa wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ko cikin moton kansa, ko kuma sandar da ke tura fitilar. Kamawar ƙwan ba ta nuna komai a nan, domin layinsa daban ne da na moton.

Moton da ya ƙone ba ya farfaɗowa sau biyu ya yi aiki, saboda haka maganar ƙonewa ba ta dace da abin da ka gani ba. Ga abin da za ka fara yi. Ka buɗe bonet, ka duba akwatin fiyus da ke ɗakin injin, ka cire wanda aka rubuta RETRACTOR a kansa, mai amp 30. Sai ka dubi bayan fitilar, za ka ga moton da wata hular roba a kansa, idan ka cire ta akwai ɗan abin murɗawa da aka yi domin ɗaga fitila da hannu. Ka murɗa shi a hankali har fitilar ta hau ta sauka, ka gaya mana ko tana tafiya sumul ko tana cijewa a wani wuri. Kada ka kuskura ka yi wannan da fiyus a ciki, domin moton yana samun wuta ko da makulli yana aljihunka, kuma idan ya tashi ba zato yana iya datse maka yatsa tsakanin murfin da ƙarfe.

Ɗan Katsina

Malam, ina girmama iliminka, amma mutumin nan yana bukatar mota da zai hau yau da dare, ba wadda zai riƙa gwaje-gwaje a kanta ba.

Malam Mai Wayarin, Kano

Maganarka ta tafiyar dare gaskiya ce, Ɗan Katsina, kuma ban raina ta ba. Sai dai ana samun abin da kake so ba tare da an ɗaure komai ko an yanke komai ba. Ya ɗaga ta hagu da abin murɗawar nan har ta kai ƙarshe, ya zare soket ɗin motonta, ya mayar da fiyus, shi ke nan za ta zauna a sama tana haske har ranar da aka gama gyara. Giyar da ke cikin moton irin mai zaren dunƙule ce, nauyin fitila ko iska ba sa iya juya ta baya. Bambancin da ke tsakanina da kai shi ne, ni na ɗauki wannan a matsayin dabarar kwana biyu, kai kuma kana son ya zama shi ne gyaran.

Abu Hafsat, Kaduna

Na gode, Malam, Allah ya ƙara girma. Na yi yadda ka ce bayan sallar la'asar. Da na buɗe akwatin sai na tarar da abin da ban sani ba, wato fiyus ɗin nan ya taɓa ƙonewa tun kafin motar ta zo hannuna, wani ya naɗa siririyar wayar tagulla tsakanin ƙafafunsa ya mayar. Na cire shi na ajiye. Fitilar tana hawa tana sauka da hannu, amma a tsakiyar tafiya akwai ɗan nauyi, kuma mahaɗar murfin tana ƙara kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Na kuma lura cewa hular robar moton hagu ta tsage a gefe, ta dama kuwa lafiyarta ƙalau. Yanzu na bar ta a sama kamar yadda ka kwatanta.

Injiniya, Zariya

Barkanku da yamma. Kafin a ci gaba, ina son in tsaya a kan fiyus ɗin nan, domin a wajena ya fi fitilar muhimmanci. Fiyus shi ne wurin da aka raunana da gangan domin ya tsinke kafin waya ta yi zafi, kuma wayar tagullar da aka naɗa ba wanda ya san a amp nawa za ta tsinke. Da a ce moton ya cije yana jan wuta, robar wayoyin ce za ta narke a cikin damin wayoyin motar, kuma a wannan mota layin yana da wuta dare da rana. Abu Hafsat, ka sayi fiyus na amp 30 daidai, kada ka yarda da wanda ya fi haka ko da mai shago ya ce ya fi ƙarko.

Game da gwaji, na yarda da tsarin Malam, amma ina da ƙarin bayani a kan mitar auna wuta. Mutane da yawa suna zare soket su sa mita, su ga volt 12, su yanke hukuncin cewa wuta tana zuwa, alhali mita kusan ba ta jan komai. Mahaɗar da tsatsa ta cinye har saura ɗan wuri kamar bakin allura za ta nuna volt 12 cif, amma da zarar moto ya nemi wuta mai yawa sai ƙarfin ya zube. Saboda haka dole a auna soket yana haɗe, a daidai lokacin da aka danna maɓalli. Ka zura siririn tsinken mita ta bayan soket, inda waya take shiga, kada ka huda robar waya, domin kowace huda ƙofa ce ta ruwa.

Ka fara da batir, wanda a wannan mota yana cikin but, ba a gaba ba. Idan yana da lafiya kuma ya cika, zai nuna kusan volt 12.6 mota a kashe, idan inji yana aiki kuma ya kamata ka ga wajen 14. Bayan haka ka auna babbar wayar da ke ba moton wuta a wuri biyu, kafin soket da bayan soket. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan tsatsar tana tsakanin haƙoran soket ne, ɓangaren da ya fito daga fiyus zai ci gaba da nuna lafiya, ɓangaren moto ne kaɗai zai faɗi. Daga nan ka auna tsakanin wayar ƙasa ta moton da ƙarfen inji mai tsabta yayin da yake ƙoƙarin tashi, kuma abin da ake so shi ne kada ya wuce kimanin volt 0.2. Kana da sa'a guda, wato kana da fitilar dama mai lafiya, duk abin da ka auna a hagu ka auna irinsa a dama ka kwatanta.

Malam Mai Wayarin, Kano

Injiniya ya faɗi gaskiya, kuma shi ya sa mu a gareji har yau ba mu yar da testa mai ƙwai ba. Ni nakan yi amfani da tsohon ƙwan babbar fitila mai wat 55, wanda yake jan fiye da amp 4, na liƙa masa waya biyu. Idan layi yana da lafiya zai haska fari tas, idan akwai tsatsa a hanya kuwa sai ka ga ya yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Wanda ba shi da mita yana iya gane abu da yawa da wannan kaɗai.

Baban Ummi, Amurka

Assalamu alaikum. Ina bin muhawarar nan tun farko, kuma ina ganin akwai abin da ba a ambata ba, wato giyar roba da ke cikin moton. A nan duk wanda ya riƙe Corvette ta 1997 zuwa 2004 ko Pontiac Firebird ta 1993 zuwa 2002 ya san wannan ciwo. Haƙoran giyar sukan cinye, sai ka kashe fitila ka ji moton yana gurnani na 'yan daƙiƙoƙi bayan murfin ya sauka, daga baya kuma ya daina ɗagawa sam. Ana sayar da giyar tagulla a madadinta, wasu kuma sukan juya tsohuwar rabin zagaye domin a koma amfani da haƙoran da ba su cinye ba. Shin ba zai yiwu irin wannan ne ya samu motar Abu Hafsat ba?

Injiniya, Zariya

Baban Ummi, abin da ka faɗa game da waɗancan motoci haka yake, amma tsarinsu daban ne da wannan, kuma bambancin yana da amfani a sani. A motocin da ka ambata, moton yana juyawa gaba ya ɗaga, ya juya baya ya sauke, kuma yana tsayawa ne idan ya bugi iyaka, na'urar da ke kula da shi ta ji wutar da yake ja ta ƙaru sai ta yanke. Kowane buɗewa da rufewa bugu ne a kan haƙora guda, shi ya sa rabin giyar yake cinyewa rabi ya zauna sabo. Moton MX-5 kuwa ɗan'uwan moton waifa ne. Gefe ɗaya yake juyawa, rabin zagaye ya tura sanda sama, ɗaya rabin ya jawo ta ƙasa, kuma abin da yake tsayar da shi faifai ne a cikinsa mai 'yan yatsun tagulla da suke gogarsa, su yanke wuta idan an kai wurin tsayawa.

Alamar ma ta bambanta. Giyar da ta cinye tana nufin moto yana gudu amma fitila ba ta motsi, kuma ana jin gurnani. Abu Hafsat ƙas yake ji sannan shiru, kuma da ya murɗa da hannu fitilar ta bi shi har ƙarshe ba tare da zamewa ba, wanda yake nuna haƙoran suna kama juna.

Baban Ummi, Amurka

Na fahimta, Injiniya, na kuma janye zatona. Zan ƙara abu ɗaya domin Ɗan Katsina, wanda yake ganin fitilar ado ce kawai. Daga 1940 dokar Amurka ta tilasta wa motoci amfani da fitila wadda ƙwai da gilashi suke haɗe, da farko zagayayya mai inci 7 kawai, akwai kuma ƙa'idar tsayin fitila daga ƙasa, saboda haka mai son ƙera mota mai ƙasƙantaccen hanci ba shi da hanya sai ya ɓoye fitilar ya ɗago ta da dare. Cord 810 ta 1936 da hannu ake murɗo nata, Lotus Elan da Corvette ta 1968 zuwa 1982 da zuƙar iskar inji suke aiki, daga baya moton lantarki ya karɓe. An sassauta dokar a 1983, Mazda ta bar wannan tsari da ta fito da MX-5 ta biyu a 1998, kuma a 2004 Corvette da Lotus Esprit suka rufe babin. Hancin motar Abu Hafsat an zana shi ne domin fitilun su kwanta, kuma a wajen masu neman irinta, fitilun da suke aiki suna cikin abin da ake fara dubawa.

Ɗan Katsina

Ban musa tarihin ba, Baban Ummi, amma masu neman irinta suna can wajenku. Mu a nan ƙurar hunturu da ruwan damina da ramukan hanya ne suke jiranta, kuma ina nan a kan cewa abu mai motsi a gaban mota zai riƙa neman gyara. Duk da haka, tunda ta hagu tana sama tana haske, damuwata ta farko ta kau.

Abu Hafsat, Kaduna

Ga sakamakon gwaji. Na sayo fiyus na amp 30, na kuma ari mita a wajen wani abokina mai gyaran janareta, wanda ya zo ya riƙa danna maɓalli ina aunawa. Batir ya nuna 12.5. Babbar wayar moton hagu kafin soket ta nuna 12.4, da aka danna maɓalli ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya. Amma bayan soket, a ɓangaren moto, da aka danna sai ta faɗo ƙasa da 7. A dama kuwa ɓangarorin biyu kusan daidai suke. Wayar ƙasa ta nuna 0.1, saboda haka na bar ta.

Da na zare soket ɗin na haska da tocilan, sai na ga haƙori ɗaya ya yi kore shar, kamar tsohon kwabo da aka tono daga ƙasa, robar da ke kewaye da shi kuma ta ɗan yi baƙi alamar zafi. Har yanzu akwai danshi a can ƙasan soket ɗin, mako uku bayan wanki. Na kankare haƙorin da 'yar samfefa mai laushi, na wanke da sifirit, na bar shi ya bushe a rana, na mayar. Fitilar ta ɗago nan take, na yi murna ƙwarai. Sai dai murnar ba ta cika ba, domin a gwaji na biyar ko na shida ta hau ta sauka, ta sake hawa ta sake sauka, sau uku a jere kafin ta tsaya, kuma sau ɗaya ta tsaya a rabin hanya. Malam, Injiniya, me wannan yake nufi?

Malam Mai Wayarin, Kano

Madalla, ɗana, ka yi aiki mai kyau. Ka warkar da ciwo na farko, shi ne ya ba na biyu damar bayyana. Yanzu moton yana samun wuta sosai, amma bai san inda zai tsaya ba, kuma wannan aikin faifan nan ne da Injiniya ya kwatanta. Ka tuna hular roba da ka ce ta tsage. Ruwan da ya shiga soket ya shiga nan ma, ya tarar da tsohon giris da ƙura, suka haɗu suka zama laka a kan faifan.

Dole a sauke moton, amma aikin ba mai tsoratarwa ba ne idan aka bi shi da natsuwa. Ka cire fiyus tukuna, ko ma ka cire kan batir na wayar ƙasa. Ka sauke fitilar da hannu zuwa ƙarshe, sannan ka yi alama da fenti ko farcen ƙusa a kan ɗan hannun da ke bakin moton da kuma sandar da yake zaune a kai, domin idan aka mayar da shi a karkace, moton zai tsaya daidai amma fitilar ta tsaya a buɗe rabi, ka shiga neman ciwon da babu shi. Idan za ka iya raba sandar turawa daga kan ƙwallonta ba tare da ka kwance hannun ba, hakan ya fi. Kan sandar roba ce da ta tsufa, ka ɓanɓare ta a hankali da faffaɗan sukudireba, kada ka fizge.

Idan ka buɗe murfin faifan, ka share tsohon giris gaba ɗaya, ka goge faifan da 'yan yatsun tagullar har su yi haske. Kada ka wanke da fetur kamar yadda yara suke yi a gareji, domin yana busar da roba ya sa ta tsage. Idan yatsa ɗaya ya kwanta ya daina danna faifan, ka ɗan ɗago shi kaɗan, amma kaɗan nake nufi, domin idan ya karye babu inda za ka samu shi kaɗai. Sai ka shafa sabon giris siriri a faifan, ka sa mai ɗan yawa a haƙoran giya.

Injiniya, Zariya

Na goyi bayan Malam, da ƙari biyu. Na farko, akwai dayod a cikin wannan tsari waɗanda suke hana wutar umarnin hawa komawa ta layin umarnin sauka. Idan ɗaya ya lalace ya bar wuta tana wucewa ta kowane gefe, fitila takan yi ta hawa da sauka ba tsayawa. Tunda moton zai kasance a hannunka, ka auna su da mita a ma'aunin dayod. Mai lafiya zai nuna kimanin 0.5 zuwa 0.7 ta gefe ɗaya, ya ƙi nuna komai idan ka juya tsinkayen. Ni ina zaton faifan ne, domin lalacewar dayod takan sa abin ya riƙa faruwa kullum, naka kuwa jefi-jefi ne, amma gwajin minti biyu ne.

Na biyu, soket ɗin da ka kankare bai gama warkewa ba. Haƙorin da ya yi zafi har robarsa ta yi baƙi ya rasa ƙarfin damƙarsa, kuma samfefa ta cire rufin da yake kare shi daga tsatsa. Ka matse ɓangaren macen, wato ramin da haƙorin yake shiga, kaɗan domin ya kama sosai, ka cika bayan soket da giris na silikon, kuma idan ka samu soket irinsa a jikin tsohuwar waya, ka canza shi da liƙin dalma, ba da murɗa waya a naɗe da salatif ba.

Malam Mai Wayarin, Kano

A kan canza soket na ɗan saɓa da kai, Injiniya. Idan ya matse shi ya sake aunawa ya ga ɓangarorin biyu sun daidaita, ni zan bar shi. Yanke soket na asali yana nufin sababbin mahaɗai huɗu ko biyar a wurin da ruwa yake kaiwa, kuma ba kowa ne ya iya liƙin da zai jure girgiza ba. Ya riƙa taɓa shi bayan an yi amfani da fitilar, idan ya ji ɗumi sannan a yi maganar canji.

Injiniya, Zariya

Na karɓa, Malam, matuƙar awon ya nuna faɗuwar ba ta wuce 0.2 ba.

Abu Hafsat, Kaduna

Alhamdu lillahi, jiya Asabar muka yi aikin ni da abokina. Da muka buɗe murfin faifan, giris ɗin ya daskare ya koma kamar busasshen tuwon ƙasa, ja-ja saboda ƙura, kuma a gefe ɗaya akwai layin tsatsa inda ruwa ya kwanta. Ɗaya daga cikin yatsun tagullar ya yi baƙi ƙirin a bakinsa. Dayod ɗin duka sun nuna 0.6 ta gefe ɗaya, ba su nuna komai ta ɗaya gefen ba. Mun goge, mun shafa giris, mun mayar bisa alamar fentin da na yi. Na matse soket ɗin, awon ya nuna bambancin 0.1 tsakanin ɓangarorinsa. Na sa mai a mahaɗan murfin fitilun biyu, nauyin nan na tsakiyar tafiya ya ɓace. Na gwada sau 30 a jere, da maɓallin dashbod da kuma makunnin sitiyari, fitilun biyu suna hawa tare suna sauka tare. Hular robar na liƙe ta da gam na ɗan lokaci.

Abu ɗaya ya rage. Da na fita da dare na lura hasken hagu yana rawa idan na hau hanya mai gargada, kuma yana dukan ƙasa kusa fiye da na dama.

Malam Mai Wayarin, Kano

Barka da arziki, ɗana. Rawar hasken ba ta wuta ba ce, ta ƙarfe ce. Ka ɗaga fitilar, ka cire fiyus, ka kama murfin da hannu ka girgiza shi a hankali kana kallon sandar. Idan kan robar sandar yana wasa a kan ƙwallonsa, to ya buɗe ne, wataƙila ma cirewar jiya ta ƙara masa, kuma maganinsa sabon kai ko sabuwar sanda. Idan sandar ba ta wasa, ka duba abin da murfin yake jingina da shi idan ya kai sama, ka tabbatar yana zama daram. Sai ka gama da wannan sannan ka saita haske, domin saitin da aka yi a kan fitila mai rawa ba ya zama. Ka tsayar da motar a wuri mai shimfiɗe, kimanin mita 7 da rabi daga bango, ka kunna ƙaramin haske, ka daidaita ta hagu da sukurorin saitin da ke gefen gilashin har bakin haskenta ya yi layi ɗaya da na dama.

Baban Ummi, Amurka

Abu Hafsat, sandar da hular robar duka ana samunsu a nan wajen masu sayar da kayan Miata, kuma ba su da nauyi. Idan ka gwada ka ga sandar ce, ka turo mini saƙo ta gefe da hoton ta hagun, akwai ɗan'uwanmu da zai taho gida ƙarshen wata mai zuwa, sai in ba shi ya riƙo maka. Zan haɗa da hula biyu, domin ta dama ma shekarunta ɗaya da wadda ta tsage.

Abu Hafsat, Kaduna

Na gwada yanzu, Malam, kan sandar na sama ne yake wasa, ana ganin motsinsa da ido. Baban Ummi, na tura maka hoton, Allah ya saka da alheri. Kafin kayan su iso zan rage tafiyar dare a kan manyan hanyoyi, kuma na gaya wa masu wanki su daina kai tiyo kusa da bayan fitilun.